Ciwon da Na Yi Ta Canza wa Mazauni

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaishe da abokan ɗakinka na Dakata, da fatan takardar nan ta same ka lafiya. Na ce lafiya ne don da haka ake buɗe takarda, ba don na yarda lafiyarka ƙalau ba, amma za mu zo wurin. Allah Ya tsare ka a hanyar Legas ɗin nan da ka ƙudurta, Ya kare ka daga sharrin ƙarfe da na direba mai gyangyaɗi, Ya sauke ka a hannun mutanen kirki.

Za ka tsinci takardar nan cikin ledar yaji da kuka da Ummanka ta aiko maka. Ni na cusa ta. Kada ka yi mamakin uba yana rubuta wa ɗansa takarda alhali duk muna cikin garin nan. Kai ne ɗan fari, ka san ni da kai ba mu saba doguwar magana ba, kuma wannan ba irin wadda ake faɗa ido da ido ba ce. In na tsaya gabanka zan ɓige da tambayar kuɗin mota.

Ga maganar, ba kwana-kwana. Ran Juma'ar da ka zo sallama, ka ɗauki buhun shinkafar nan daga zaure zuwa ɗakin Ummanka. Ina zaune ina kallonka ta ƙasan ido. Da ka dire shi sai ka tsaya, ka kai hannu ƙasan mararka ta dama, ka danna, ka yi kamar kana gyara bel. Da tari ya zo maka ma sai da ka dafe wurin kafin ka yi shi. Abba, ƙaba gare ka. Kada ka ce mini a'a, ni na san wannan gyaran bel ɗin, na yi shekara da shekaru ina yin sa. Kuma da ita kake shirin tafiya ka ci gaba da dakon kaya a sito, a garin da ba wanda ya san tafiyarka ta da, balle ya gane ta canza. Tsoro nake ji, wallahi, shi ya sa na ɗauki biro.

Na san inda ka samo halin, ba a titi ka tsince shi ba. Lokacin da na fara aiki a kamfanin fata a Challawa, ba a ɗauke mu dindindin ba. Kullum da safe sai mu yi cincirindo a bakin get, heluma, wato shugaban leburori, ya fito ya bi mu da kallo kamar mai zaɓen rago, ya nuna waɗanda za su shiga. Ka yi ɗingishi, gida. Ka yi tari, gida. Shi ya sa muka ƙirƙiro wata tafiya da muke kira tafiyar get: ƙirji a gaba, fuska a sake, ko da cikinka na murɗawa. Na san wanda ya wuce heluma yana murmushi da zazzaɓi a jikinsa, yana shiga ya zagaya bayan tulin ƙirgi ya kwanta. Ni kuwa na ƙware har ana kwatance da ni. Aka zo aka ɗauke ni dindindin, na tsufa, aka sallame ni, amma tafiyar ba ta sake ni ba. Da ita nake shiga gidana, da ita nake zuwa masallaci. Na ji a sitocin Bompai ma har yau haka abin yake, ban zarge ka ba. Amma ka ji shawara: in dole sai ka yi wa heluma tafiyar get don ka ci abinci, to ka ajiye ta a wurinsa in an tashi. Kada ka kai ta gaban wanda ya damu da kai.

A wajen ɗaga ƙirgi mai gishiri na samo tawa ƙabar. Da farko ɗan kumburi ne, ya fito in na yi nishi, in danna ya koma. Na yi ta danna shi har furfura ta fito mini.

Ka san bencinmu na gindin darbejiya, wajen mai shayi, daura da masaƙar nan da aka rufe a Sharaɗa. Ku yara kuna wucewa kuna cewa tsofaffi na can suna siyasa. Ina! Ciwo muke tattaunawa. Kowa ya idar da sallar asuba ya ɗan kishingiɗa, sai ya taho da rahoton jikinsa. Akwai Malam Ilu mutumin Gumel, wanda ya ƙare ƙarfinsa a gaban tukunyar tururi, shi gwiwa da hawan jini ne rabonsa. Tun da 'yarsa ta saya masa abin awon jini ba wanda ya huta, har mai shayi sai ya miƙa hannu kafin ya fasa ƙwai. Akwai Mamman Ɗan Maraɗi, tsohon mai gadi, mai basir da suga, wanda ba ka taɓa laluba aljihunsa ka rasa ƙullin gari ko saiwa. Sai Bitrus mutumin Zonkwa, makanikin injin saƙa, wanda ƙarar masaƙa ta cinye masa kunne. Shi a ganinsa raɗa yake yi, alhali ana jin sa daga wancan tsallaken titi.

A bencin nan ciwo abin ado ne. In ka ce jiya ba ka runtsa ba, Ilu zai ce shi rabonsa da barci tun azumin bara. In ka ce ƙafarka ta kumbura, Mamman zai cire takalmi ya nuna maka tasa. Wanda ya zo ya ce lafiya lau kuwa kallon marowaci ake masa, wai ya zo cin na mutane bai kawo nasa ba. Kada ka raina abin, da shi muka kama sugan Mamman tun bai kayar da shi ba, da shi muka tura Ilu aka kankare masa yanar ido. Ranar da ya dawo yana gani tangaran ya dube mu ya ce ashe haka muka tsufa, a mayar masa da yanarsa.

To ni ina da ciwo na gaske, amma a inda ba a nunawa. Kuma ba a zama a bencin hannu rabbana. Sai na yi dabarar da na ɗauka hikima ce: na riƙe ciwon, na canza masa mazauni.

Na fara kai shi gwiwa. Wata safiya Ilu ya ga na zauna ina cije leɓe, ya ce, "Malam Sabo, lafiya?" Na ce, "Gwiwa ce." Abba, ka ga murna! Kamar an ce masa ya samu suruki. Nan take ya zaro wani man zafi da ya ce daga Saudiyya aka kawo masa, ya sa na naɗe wando, ya ce in lafta da hannuna in murza sosai. Na murza gwiwar da ba ta taɓa yi mini laifin komai ba. Muna cikin hira sai ƙabar ta motsa. Na manta abin da ke hannuna, na zura shi ta ƙarƙashin riga na danna ta yadda na saba. Ban san har yanzu ina iya gudu ba sai ranar. Na tsallake kwata, na kusa ture mai ƙosai, na fizgi buta a ƙofar masallaci na faɗa banɗaki. Ina ciki ina salati ina jiyo Ilu yana shela, "Jama'a ku shaida! Mutumin da ya zo yana jan ƙafa, ku dubi yadda yake gudu!" Har yau mutane na zuwa neman man nan a wurinsa, kuma da sunana yake tallarsa.

Mai hankali da ya tsaya nan. Ni sai na ce gwiwa ta warke, ciwon ya koma baya. Mamman ya ce mataccen jini ne, washegari sai ga shi da wanzami. Aka tuɓe ni a bayan rumfar mai shayi, aka jera mini ƙaho tun daga kafaɗa har ƙugu, ina zaune ma'aikatan safe na wucewa suna mini sannu. Da na koma gida Ummanka ta ga bayana ta ce, "Malam, faɗa ka yi da kyanwa?" Na ce mata maganin maza ne, ta bar shi.

Na uku na ɗan matso kusa da gaskiya, na ce ciki ne. Wannan shi ya fi cutar da ni. Mamman ya ce dattin ciki ne, ya kawo wani jiƙo baƙi ƙirin cikin gorar lemo, ya tsaya a kaina sai da na shanye. Wuni na yi ina safa da marwa tsakanin ɗaki da banɗaki, kuma duk nishin da na yi ƙara turo abin waje yake. Kafin jiƙon nan da yatsa nake mayar da ita, bayansa sai da tafin hannu.

Ka lura, ba wanda ya cuce ni a cikinsu. Abin da na ce yana ciwo shi suka yi wa magani, kuma da zuciya ɗaya. Saboda haka kada ka yi wa masu ƙaunarka ƙaryar inda ke maka ciwo, don za su yarda da kai, su taru su yi wa lafiyayyen wuri aika-aika. Sannan duk abin da aka miƙo maka cikin gorar lemo, ko waye ya kawo, ka yi godiya ka ce sai ka ci abinci.

Ranar da asirina ya tonu, jarkar ruwa ce sanadi. Mai kurar ruwa ya sauke wa mai shayi jarkoki a bakin titi, shi kuma hannunsa na kan tukunya. Ni da ba a tambaye ni ba na miƙe da tafiyar get, na sunkuci ɗaya don a san har yanzu da saura. Ban kai rumfa ba na ji abu ya ɓalle mini. Na zauna daɓas a ƙasa, gumi na karyo mini, na danna ƙabar, na sake dannawa, ta ce ba inda za ta. Ilu ya rugo yana warware abin awon jini. Mamman na kwance ƙulli da haƙori. Bitrus ya tsuguna yana kallon inda hannuna yake. Can sai ya matso dab da kunnena, don ya rufa mini asiri, ya ce da iyakar muryarsa:

"Malam Sabo, ai wannan gwaiwa ce!"

Mai ƙosai ta ji. 'Yan matan kamfanin alewa da ke jiran mota sun ji. Wani direban tirela ma ya leƙo ta taga. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Bitrus, ka ji tsoron Allah, ƙaba ce." Ya ce, "Duk gidansu ɗaya!" Sai ya ɗaga rigarsa, ya ɗan sassauta wando, ya nuna mini wani tsohon tabo a mararsa. Ya ce tun yana da ƙarfinsa aka yi masa, a asibitin mishan na garinsu, kuma ga shi nan bai mutu ba.

Sai Ilu ya yi gyaran murya, yana naɗe abin awonsa, ya ce, "Ni tawa ta hagu ce." Mamman ya dubi sama ya ce, "Ni hagu da dama." Abba, duk azabar da nake ciki sai da haushi ya rufe ta. Shekara da shekaru ina zaune da mutanen nan, na san kalar fitsarin kowa, na san wanda basir ya hana hawa babur, amma ba wanda ya taɓa ambatar wannan. Kowa ya sha dako a kamfani, kowa ta fito masa, kowa ya je an ɗinke shi a ɓoye ya dawo ya ce ƙauye ya je gaisuwar mutuwa. Na ce, "Amma ku dai an yi munafukai!" Ilu ya ce, "To kai da kake ta yawo da taka daga gwiwa zuwa gadon baya fa?"

A adaidaita sahu suka kai ni asibiti, su uku sun matse ni a tsakiya, kowane rami muka faɗa sai na kira sunan Allah, Bitrus ya ce amin. Likitar da muka samu mace ce, yarinya sa'ar ƙanwarka. Ta ce, "Baba, tun yaushe?" Na ce, "Kwanan nan ne." Su ukun suka haɗa baki suka ce, "Ƙarya yake!" Da ta ga bayana ta tambayi me ya same shi, Mamman ya ce shi zai je ya duba ko mai adaidaita ya tafi. Ta gama dubawa ta daina murmushi. Ta ce hanji ne ya leƙo ya maƙale, kuma da an ƙara jinkiri zai shaƙe ya mutu a ciki, mai shi ya bi shi. Ranar aka shiga da ni tiyata. Kai lokacin kana aikin nan na Kaduna, aka ce maka afendis ne. Ni na ce a faɗa maka haka. Ka ga ko a gadon asibiti sai da na sake canza masa mazauni.

Da na farfaɗo, maganar likitar ta yi ta dawo mini, sai na tuna Tanimu. Wani ɗan Haɗeja ne da muka yi bakin get tare a Challawa, shi kaɗai ya fi ni iya tafiyar nan. Wata rana ya kama amai a wurin aiki yana dafe da mara, ya ce abincin mai tuwo ne. Muka kai shi ɗaki muka jiƙa masa kanwa. Kafin mako ya zagayo mun binne shi, muka yi ta cewa sammu aka yi masa. Ina kwance da ƙarin ruwa a hannuna na gane abin da ya kashe shi, kuma a ɗaki ɗaya muke kwana, da ya buɗe baki ko ni na buɗe nawa, da wataƙila yana nan yana damun mu da gwiwarsa. Na yi kuka, ban ɓoye ba. Nas ta ɗauka ɗinkin ne ta ƙaro mini allura.

Jinyar kuwa 'yan benci sun so su ƙarasa ni. An ce kada in yi dariya saboda ɗinki, su kuma kullum sai sun zo da furarsu da lemonsu, Ilu ya tsaya tsakiyar ɗaki ya ba marasa lafiya labarin man zafi, har da kwaikwayon gudun. Ina riƙe da matashi a ciki ina roƙonsa ya bari don girman Allah. Wani dattijo a gadon kusa da ni sai da aka sake duba nasa ɗinkin. Ummanka ita ba ta yi dariya ba. Da suka fita na ce mata, "Kin ga abin da ya same ni kwatsam." Ta ce, "Kwatsam? Malam, ni nake wanke ƙyallen da kake ɗaure mararka da shi. Jira nake in ga ko za ka faɗa wa matarka kafin ka faɗa wa titin Sharaɗa." Sai na yi kamar allura ta ɗauke ni. In Allah Ya ba ka mata, kada ka ɗauka ba ta gani. Ka riga ta faɗa, ya fi maka mutunci.

Yanzu ga ni garau, ina sunkuyawa in ɗaure takalmi, ina tari ba tare da na nemi izinin kowa ba. Abin da na yi shekaru ina gudu, barci ɗaya na yi aka gama shi.

In ka je can, ko yaushe ka je, ka nemi bencinka. Ba sai 'yan garinku ba, ba sai masu sallah irin taka ba. Ka samu mutum biyu uku da za ka iya cewa yau jikina ba daɗi, su kuma su faɗa maka nasu, ko da rabin maganinsu shirme ne. Kuma ka tabbata akwai mai baki a cikinsu, wanda ba ya jin nauyin kunyata ka. Ni dai irinsa ne ya cece ni.

Na san abin da za ka ce: gurbin aikin ba zai jira ka ba, wani zai shige. Mai yiwuwa ne, ba zan yi maka ƙarya ba. Na san wuyar da ka sha kafin ka same shi, kuma na san don mu kake son tafiyar. In ya wuce zan ji zafinsa tare da kai. Amma aikin dako ne, Abba, kuma abin da ke jikinka dako ne abincinsa.

Saura abin da na aikata, gara ka ji daga gare ni. Jiya na faɗa a benci. Ni da na ɓoye tawa har ta kusa kai ni kabari, taka ko mako ban iya riƙewa ba. Ran Litinin da hantsi za mu zo ƙofar gidanku a Dakata, mu huɗu, an riga an yi magana da mai adaidaita. Asibitin da aka yi mini za mu, a duba ka, abin da likita ya ce shi za a yi. Ba sai ka gaishe ni da wata magana ba. Zan zauna gaba kusa da direba, ba zan waiwayo ba, kai dai ka fito ka shiga.

Ka yi fushi da ni, na yarda, na cancanta. Ka ƙi ɗaga wayata wata guda, zan jure. Abin da ba zan iya jurewa ba shi ne wata rana wayar ta yi ƙara, in ɗauka, in ji baƙuwar murya daga Legas tana tambaya ko ni ne mahaifin wani yaro ɗan Kano da ko sunansa ba su gama sani ba.

Allah Ya ba ka lafiya mai ɗorewa, Ya sa a yi a sa'a, Ya buɗa maka ƙofar arziki ko a can ko a nan. Ya tsare fitarka da shigarka, Ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Ummanka na sa maka albarka, ni ma na sa maka. Kada ka karya kumallo ran Litinin, ko za su buƙaci ɗibar jini.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sabo